Yadda Muka Ƙetare Kogi a Kan Keke

Shekara talatin da ɗaya Berend Olthuis ya yi yana fiton mutane tsakanin Aldewaard da Nijenkamp, kuma a tsawon shekarun nan ban ji wanda ya ce ya taɓa yi masa barka da zuwa ba. In ka shiga jirginsa ka ce masa ina kwana, sai ya kalli sama ya ce za a gani. In ka ce yau gari ya yi kyau, sai ya ce ka bari yamma ta yi tukuna. Mu da muka saba da shi mun san iyakar fara'arsa ke nan. Ranar da ya yi shiru ɗungurungum ce ake zuwa a tambayi matarsa Riek ko lafiya.

Ni malamin firamare ne. Gidana yana Aldewaard, makarantar tana Nijenkamp, kogin IJssel yana kwance a tsakani. Don haka kullum sau biyu nake faɗawa hannun Berend, yau shekara goma sha tara, kuma ina jin ya fara sabawa da ni, domin bara ya kira sunana sau ɗaya.

A cikin jirgin dakon tsakuwa aka haife shi, jirgin yana tafiya, a wani wuri tsakanin garuruwa biyu da har yau kowanne yake cewa ɗan ɗayan ne. Yana shekara shida aka kai shi makarantar kwana ta 'ya'yan masu jiragen ruwa. Sau uku yana gudu, kuma ba a taɓa wahalar nemansa ba, bakin ruwa kawai ake zuwa a ɗauko shi. Da ya girma ya yi shekara goma sha biyu a teku. In ka tambaye shi yadda manyan tashoshin duniya suke, sai ya ce duk ɗaya ne, ruwa a gefe guda, masu tambayar takardu a ɗaya gefen. Da ya auri Riek ta gaya masa ita ba hoto ta aura ba, ko ya dawo gida ko ya auri tekun. Shi ne ya karɓi jirgin fiton garinmu.

Faɗin kogin a wurin mita ɗari da tamanin ne, tafiyar minti huɗu. Jirgin kuma a ɗaure yake da igiyar ƙarfe da aka shimfiɗa a ƙasan ruwa, ko Berend ya yi niyyar ɓata hanya ba zai iya ba. Duk da haka bai taɓa fitowa ba hular kyaftin ba, kuma kafin ya tayar da inji sai ya duba gabas ya duba yamma ya shinshini iska, kamar mai shirin zagaya duniya. Kyaftin muke ce masa. Da tsokana muka fara, shi kuma ya amsa da gaske, har tsokanar ta gaji ta bar mu da sunan.

Abu ɗaya ne ba a faɗa a gabansa: Berend bai iya tuƙa keke ba. A ƙasar da yaro ke iya keke tun bai iya face hanci ba, shi ya tashi a kan jirgi, ba filin koyo, da ya girma kuma girman kai ya hana. Ya ce abin da ba ya iya tsayuwa da kansa sai an jingine shi ba abin hawa ba ne.

Jirgin na masu keke ne da masu ƙafa, mota ba ta shiga. Akwai allo a bakin mashigi da ya ce kowa ya sauka daga kekensa. Tun da aka kafa allon ban ga wanda ya sauka ba. Za ka gangaro ne ka hau jirgin da gudunka, ka ja birki, ka sa ƙafa ɗaya a ƙasa, kana zaune a kan sirdi, hannuwanka a kan keke. Minti huɗu kana kallon agwagi ko kana jin labarin ciwon gwiwar maƙwabciya. Ana sauke ƙofa ka taka feda ka wuce. In ka isa aka tambaye ka da me ka zo, ka ce da keke, kuma ba ƙarya ka yi ba a zuciyarka.

Bara da bazara ƙaramar hukuma ta aiko wa kowane gida wasiƙa. Wai tana so ta san yadda muke zirga-zirga, don ta san abin da za ta ci gaba da tallafawa da abin da za ta saki, bas ne, fito ne, ko me. Ta ɗauko masu bincike daga wata jami'a, su kuma suka zo da manhaja. Ka sa ta a wayarka, ta bi ka mako biyu duk inda ka sa ƙafa. Kwana uku muka yi muna tada jijiyar wuya a kantin burodi, cewa ba mai bin sawunmu, sirrin mutum nasa ne. Mu ɗin nan da ba ma sakin labulen falo, kowa ya wuce ya ga abin da muke ci. A rana ta huɗu wani ya karanta wasiƙar har ƙasa, ya ga za a ba duk wanda ya shiga takardar sayen furanni ta yuro goma. Mutum ɗari huɗu suka shiga, har da ni.

Manhajar tana da ladabi, ba zan ci amanarta ba. Da yamma sai ta yi ɗan ƙara ta nuna maka zanen tafiyarka ta ce: daga gida zuwa makaranta, kilomita uku, a kan keke, haka ne? Ga E, ga A'a. In ka danna A'a za ta ba ka dama ka yanka tafiyar gida-gida, ka gaya mata wane yanki ka yi da me. Jerin yana nan, ƙafa, keke, mota, bas, jirgin ƙasa, can ƙasa kuma jirgin fito. Ba ɓoye shi aka yi ba. Amma don me zan danna A'a? A kan keke na bar gida, a kan keke na isa makaranta, ban sauka ba ko sau ɗaya. Na danna E sau ashirin da zuciya ɗaya, ina jin daɗin ina taimakon ilimi.

Shi ma Berend ya shiga, ko in ce Riek ta shigar da shi, don tana son furannin. Manhajar ta ga mutum yana kai da kawowa a tsakiyar kogi sau sittin a rana, bai je ko'ina ba, bai dawo daga ko'ina ba. Ta yanke hukuncin cewa wayarsa ta lalace, ta zubar da bayanansa gaba ɗaya.

Da kaka rahoto ya fito, shafi tamanin, da zane-zane masu launi. Ya ce a mako biyu an ƙetare kogin sau dubu biyu da ɗari uku a kan keke. A jirgin fito kuma, sau uku. Ukun nan duk na Uwargida Tijhuis ne, tsohuwar mai kantin magani, wadda ko takardar cikin kwalin maganin tari sai ta karanta har sunan maɗaba'a. Majalisa ta zauna ta duba, ta ga ba dalilin ci gaba da riƙe jirgin da mutum ɗaya ke hawa. Aka ce ƙarshen shekara za a tsayar da fito.

An kira taron jin ra'ayin jama'a ranar wata Asabar a ɗakin taro na Nijenkamp. Aka ba kowa gahawa da biskit ɗaya, aka rufe gwangwanin biskit ɗin. Mu mutanen Aldewaard mun fi sittin, kuma duk a jirgin Berend muka je, har da Kansila Dekkinga mai kula da sufuri, wanda ya tsaya a kan kekensa kusa da ni yana gyara jawabinsa. Muka miƙe ɗaya bayan ɗaya muka yi bayani, cewa ba gada a wurin, cewa keke ba ya iyo. Kansila ya saurare mu da haƙuri, yana gyaɗa kai, yana rubutawa. Da muka gama ya ce shi ma ya san jirgin, yana kuma ƙaunarsa, amma majalisa ta yi alkawari tun farko cewa da sakamakon bincike za ta yi aiki, ba da son zuciya ba.

"Ba mu muka faɗa ba, ku kuka faɗa," in ji shi. "An tambaye ku kullum da yamma, kun ce e. Lissafi kuwa ba shi da ɗan ɗaki."

Berend yana zaune a layin baya, hularsa a kan gwiwa. Ya cinye biskit ɗinsa, ya tashi ya je ya tayar da inji, ya maido mu gida.

Ranar Litinin da safe na gangaro mashigi da guduna kamar kullum, sai na ga ƙofar jirgi a ɗage, inji a kashe. Berend ya kafa kujerar lambu a kan gangaren, fulas a gefe, ya miƙe ƙafafu. Mutum kusan ashirin suna tsaye cirko-cirko, kowa ƙafa ɗaya a ƙasa. Na tambaye shi ko inji ne ya samu matsala.

"Lafiyarsa ƙalau. Malam, kai sau nawa ka gaya musu ka haye a keke?"

Na ce ashirin.

"To ga kogin nan, ba inda ya je. Cika na ashirin da ɗaya in gani. Ni ban taɓa ganin yadda kuke yi ba, kullum aiki ya ɗauke min hankali."

Na fara yi masa bayanin yadda tambayar take, ya ɗaga hannu ya ce kada in makara, yara suna jira. Gada mafi kusa kilomita bakwai ce daga nan, bakwai kuma daga can zuwa makaranta, iska tana dukan ƙirji tafiya da dawowa, don iskar ƙasar nan ta san inda kowa zai je. Na isa aji ƙarfe goma saura, jiƙe da gumi. Yaran sun ji daɗi ƙwarai, suka ce Allah ya ƙara wa Kyaftin lafiya. Mai kai wa tsofaffi magani ta makara, mai burodin Nijenkamp ya rasa rabin masu sayensa, wata amarya mai koyon rawar biki ta yi kuka a bakin ruwa. Berend ya ba ta gahawa daga fulas ɗinsa, amma bai tayar da inji ba.

Ranar Laraba ba makaranta da rana, don haka ina wurin lokacin da shugabar binciken ta iso. Liselot Vermaat sunanta, doguwa, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, da jakar kwamfuta a baya. Kansila ne ya kira ta ta zo ofis a Nijenkamp saboda ƙorafin da ya yi yawa. Ta sauka daga jirgin ƙasa a ɓangarenmu, ta ɗauki keken haya, ta bi taswirar wayarta, taswira ta ce mata ta miƙe sak. Ta miƙe sak har ta zo ta ja birki a gaban kujerar Berend. Ta kalli ruwa, ta kalli waya, ta sake kallon ruwa.

"Baba, don Allah ina gadar take?"

"Wace gada, 'yar nan?"

"Wadda ake bi zuwa Nijenkamp. Mutane suna bi nan da keke, na gani a bayanai, sama da dubu biyu."

"Au, ke ce mai bayanan." Berend ya gyara zama. "To ai kin zo a daidai. Malam, matsa mata ta wuce."

Ban taɓa ganin fuska ta yi ja da sauri haka ba. Amma yarinyar tana da gaskiya, ba ta yi kame-kame ba. Ta ce ta ga layukan suna ratsa ruwa tun a ofis, ta ɗauka ƙaramar gada ce da ba a sa a taswirarsu ba, tun da mutum ɗari huɗu ba za su haɗu su yi kuskure iri ɗaya ba. Berend ya ce ashe ba ta san mu ba. Na tambaye ta ko ba za ta koma ta gyara ba, ta mayar da keken jirgi. Ta girgiza kai. Ta ce amsar da mutum ya tabbatar da hannunsa ba ta da ikon taɓawa, in ta taɓa ɗaya binciken duka ya zama shara. Sake wani kuma sai baɗi, lokacin an riga an sayar da jirgin.

Berend ya daɗe yana kallonta. Sannan ya tashi, ya naɗe kujerarsa, ya ce ba za a ce baƙuwa ta zo garinsa ta makara ba, ta shigo. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya tayar da inji. Na bi su. Muna tsakiyar kogi ya leƙo daga ɗakin tuƙi ya nuna ta da haɓa. Tana zaune daram a kan sirdi, ƙafa ɗaya a ƙasa, allon yana daidai kanta.

"'Yar nan, in wayarki ta tambaye ki anjima da me kika zo, me za ki ce mata?"

Ta kalli ƙafarta. Sauran minti biyun idonta yana kan ƙafar, ni na ɗauka kunya ce, ashe tunani take yi.

Bayan kwana biyu ta dawo da takarda, ta sami Berend da Riek a kicin ɗinsu, Riek ta aika a kira ni in zama shaida, ko in ce in riƙe Berend in ya tashi fita. Liselot ta yi bayani dalla-dalla. Rahoton ba zai canza ba, kuma ba ya buƙatar canzawa. Abin da ya nuna shi ne, a duk faɗin ƙaramar hukumar nan ba hanyar keken da ta kai wannan mita ɗari da tamanin cunkoso. Fito ne majalisa ta ce za ta saki. Hanyar keke kuwa, tun da aka kafa ƙasar nan ba a taɓa jin kansilan da ya rufe ta ya sake cin zaɓe ba, ga lardi ma yana ɗaukar nauyin irinta da murna. Abin da ake so kawai Berend ya sa hannu cewa abin da yake tuƙawa ba jirgi ba ne, yankin hanyar keke ne mai motsi. Shi kuma sunan aikinsa zai koma mai kula da hanyar keke, mataki na biyu.

Berend ya tura takardar gefe da ɗan yatsa ɗaya, kamar mataccen kifi. Ya ce kakansa jirgi, ubansa jirgi, a jirgi aka yanke masa cibiya, ba zai tsufa a kan titi ba. Gara a sayar da jirgin a yi gwangwani da ƙarfensa, ya mutu yana jirgi. Ya yi maganar da ta fi duk wadda na ji ya yi a shekara goma sha tara in an haɗa. Riek tana yanka cuku, ba ta ɗago ba har ya gama.

"Ka gama, Kyaftin? To ji nan. In aka rufe fiton nan, gida za ka dawo ka zauna min daga safe har dare, kana duba gabas da yamma ta tagar kicin, kana gaya min za a yi ruwa. Na yi haƙuri da kai shekara talatin da ɗaya ne saboda rabin ranar kana tsakiyar kogi. Kada ka gwada ni."

Ya ce ita ba ta san darajar suna ba.

"Suna? Uwargida Tijhuis ranar Talata take zuwa ganin likita a ƙetare, shekararta tamanin da biyu. Ita kaɗai ta faɗi gaskiya a garin nan, ita za ka tura ta zagaya kilomita goma sha huɗu? Sa hannu, tsoho. Ruwan dai shi ne, injin shi ne. Wa zai zo tsakiyar kogi ya cire maka hula?"

Ya juyo gare ni ko zan taimake shi. Ni da na danna E sau ashirin, wane baki gare ni? Na duƙufa kan gahawata. Ya ɗauki alƙalami, ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, a hankali, yana motsa leɓe, ya ce shi dai ba za a ce ya amsa abin da bai karanta ba kamar waɗansu malamai. Sannan ya sa hannu.

Majalisa ta amince ba ko gardama. Kansila Dekkinga ya yi jawabi mai daɗi a kan yadda bincike ya haska musu hanya, aka buga hotonsa a jaridar yanki yana tsaye a kan jirgin, ƙafa ɗaya a ƙasa. Bayan mako uku ma'aikata suka zo da bokitai suka shafe daɓen jirgin da jan fenti, kamar kowace hanyar keke, suka zana farin keke a tsakiya. Berend ya tsaya a ɗakin tuƙi ya juya musu baya har fentin ya bushe.

Da sanyi ya kama, ranar da aka tashi da ƙanƙara ta farko, ina cikin jirgin sai ga ƙaramar motar da ke zuba gishiri a hanya don narkar da ƙanƙara ta gangaro mashigi tana walƙiya da fitilarta. Direban ya leƙo ya ce an ba shi jerin hanyoyin keke, wannan ce ta goma sha bakwai. Berend ya ce masa mota ba ta shiga nan, kuma gishiri yana cin ƙarfe. Direba ya nuna masa takarda. Berend ya karanta ta har ƙasa, ya matsa gefe. Motar ta hau da ƙyar, ta watsa gishiri a kan mita goma sha ɗaya na daɓen, muka ƙetare tare da ita, ta sauka ta tafi neman ta goma sha takwas.

Tana shan kwana Berend ya jefa guga a kogi ya fara wanke daɓen, ruwa yana fallatsa mana a takalma. Na ce masa ai yanzu ruwan zai daskare, santsin ya fi na da.

"To ku riƙe da kyau," in ji shi, ya sake jefa gugan.